Biyar Na Yanka, Na Shida Ya Yi Nishi

Ku samarin da kuke leƙowa warshata a Aƙiƙ, ku tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu kuna cewa, "Ya ammi, ai gyaran nan ba wuya, gam ne kawai da matsewa," ku samu wuri ku zauna. Na san rabinku da Larabci za ku amsa mini, amma kunnuwanku na jin Hausa, wannan ya ishe ni. Sunana Usmanu. A Madina aka haife ni, kakana ne ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa. Karatuna bai wuce aji shida ba. Kafinta ne ni, kuma a yau in kwantarabas ya lalace tsakanin Madina da Yanbu, yawanci ni ake kawo wa. Amma kafin in gyara guda ɗaya sai da na kashe biyar. Da zarto na yanka su, da hannuna, ina fito.

Ga wanda bai taɓa ganin kwantarabas ba, ya ƙaddara goge ne na katako wanda ya ci ya ƙoshi har ya fi mutum tsawo. Tsirkiyarsa huɗu ce, ta ƙarfe, mai kauri. Yana da ƙafa ɗaya ta ƙarfe da yake tsayawa a kanta, da dogon wuya, da kai a nannaɗe kamar ƙahon rago. Makaɗin yana tsayawa a bayansa ya rungume shi.

Aikin farko da aka ba ni a duniya shi ne tsaron tukunyar gam. Maigidana Mu'allim Abakar, Bahaushen Sudan ne, mai yin ƙofofi da tagogin katako irin na tsofaffin gidajen Madina. Na je wurinsa ina ɗan shekara sha tara ina ɗokin riƙe zarto, ya nuna mini wani gwangwani a cikin tukunyar ruwan zafi. Gam ne na fatar saniya. Ana jiƙa shi ya kwana, a ɗora a wuta kaɗan kaɗan, in ya tafasa ya lalace, in ya huce ya daskare. Warinsa kuwa, ko tunkiya ba ta yarda ta wuce ta ƙofarmu. Shekara guda cur ina juya shi. Da na gaji na ce, "Mu'allim, ga farin gam na roba ana sayarwa, ba wari, ba wuta." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ya zol, wannan namu yana riƙewa, amma in ka sa masa ruwan zafi yana saki. Abin da ka haɗa yau, wani zai so buɗe shi bayan ka mutu. Ka bar masa hanya." Na ce to. Sati biyu bayan Allah ya yi masa rasuwa na cusa gwangwanin a ƙarƙashin teburi, na sayo farin gam da buhun ƙusa.

Muguwar shekara ita ce wadda aka rushe tsohuwar unguwarmu. Mutanen da nake yi wa ƙofa da taga suka watse, kowa ya shiga gidan siminti mai tagar alminiyam. Na koma da warsha cikin wani lungu a Ƙiblatain, lungun da ko mota ba ta shiga. Wata uku abin da ya shigo bai wuce kujera mai ƙafa uku da akwatin amarya ɗaya ba. Sai na koma bin haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ina sayen katako mai arha in sake masa fuska.

A harajin Yanbu na gamu da su. An rufe wata makarantar 'ya'yan Turawa, ana sayar da teburanta. Na saye teburan, sai dillalin ya nuna mini wasu manyan abubuwa shida a jingine da bango ya ce, "Ka haɗa da waɗannan don Allah, sun cinye mini wuri." Duk jikinsu ƙarzane ne, yara sun rubuta sunayensu da ƙusa, ɗaya ma wuyansa a cire. Na ƙwanƙwasa, na ga ablakash ne, wato siraran katako da aka manne wani kan wani. Na ce a raina, katako mai lanƙwasa haka, kyauta? Na loda su a wanet, motar ɗaukar kayana, na taho gida ina jin na fi kowa wayo a Hijaz.

Na farkon na yi wa wani mai shagon dabino a Badar. Na yanke gaban cikin, na sa kanta uku, ya jera ajwa a sama, safawi a tsakiya, busasshe a ƙasa. Na biyu na yi gadon jariri da shi, don a lokacin aka haifa mini jika ta fari. Matata Maryamu ta zagaya shi sau biyu ta ce, "Malam, ba za a kwantar mini da jika a cikin goge ba." Ya koma ma'ajiyar albasa. Na uku ya zama wurin ajiye takalma. Na huɗu da na biyar na kai soro, na faɗaɗa ramukan nan biyu masu lanƙwasa da ke cikinsu, tattabaru suka tare. Tsirkiyoyin na ƙulla su na yi igiyar shanya, ita kaɗai ce aikina da Maryamu ta taɓa yabawa a gaban mutane. Na shida, mai cirarren wuya, na jingine shi a kusurwa ina tunanin kwamin cin tumaki.

A nan Siddiƙu ya shigo. Bahaushe ne haifaffen Bor Sudan, direban bas mai kai alhazai ziyara. Tare muke shan shayi kullum bayan la'asar a ƙofar gidan Ammu Hamza, dattijon unguwarmu. Shekara goma sha takwas Siddiƙu yana gaya mana cewa da ƙuruciyarsa makaɗi ne, yana kaɗa kwantarabas a manyan bukukuwa. Ya miƙe, ya ɗaga hannun hagu sama, ya riƙa yaƙushin iska da na dama, yana "dum, dum, dum" da baki. Ba wanda ya yarda. Ammu Hamza ya sa masa suna Mai Kiɗan Iska. In Siddiƙu ya iso sai ya ce, "Ku matsa, ku ba abin kiɗansa wuri ya zauna." Ni ma ina cikin masu dariya, kuma ko sau ɗaya ban saurara da kyau ba, balle in gane cewa abin da yake kwatantawa shi ne tattabaruna suke ƙwai a ciki.

Ranar nan ya kai alhazai Badar, suka tsaya sayen dabino. Da yamma ya shigo warsha ko sallama bai gama ba.

"Ya Usmanu, kai ka yi wa mutumin nan kantar dabino?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Ni ne. Ka ga lanƙwasar gefen?"

"Allah ya yafe maka. Guda nawa ne?"

"Shida."

"Ina sauran?"

Na kai shi ya ga albasa, ya ga takalma. Da muka hau soro, wata tattabara ta leƙo ta ramin ta dube shi. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Da na nuna masa na shida, ya shafa shi tun daga sama har ƙasa, ya juya bayansa, ya leƙa ciki, sannan ya ce, "Wannan bai mutu ba."

Ya gaya mini saura sati uku ya bar ƙasar. Aikinsa ya ƙare, an buga masa fita ta ƙarshe. Ammu Hamza ya shirya masa walimar bankwana a gonarsa ta dabino a Badar, ranar Juma'a. Ya ce, "Ba na son komai a garin nan sai abu ɗaya. Kada in hau jirgi mutanen nan suna ce mini maƙaryaci. Ka tayar mini da shi in kaɗa sau ɗaya a gabansu. Kuma kada kowa ya ji sai ranar."

Na ce, "Wuya ne kawai? Ka dawo jibi."

Ga gyaran da na yi, ku saurara da kyau, don irinsa kuke cewa ba wuya. Na malala farin gam a gindin wuyan, na buga masa dogayen ƙusoshi uku. Akwai wani ɗan katako mai ƙafa biyu da tsirkiyoyin ke hawa kansa, jaki muke ce masa. Na ga ba a manne yake ba, na ce Turawa sun yi ganganci, na manne shi ram. Da na ɗaga abin na ji wani abu yana ƙwal-ƙwal a ciki, na girgiza, wata 'yar sanda kamar kaurin babban yatsa ta faɗo. Na ce ɓarnar yara ce, na jefa ta cikin tarkace. Na ɗaure tsirkiyoyi na ja su da ƙarfi, na goge jikin da mai har yana ƙyalli.

Siddiƙu ya zo ya ja tsirkiya ɗaya. Sautin da ya fito kamar rago mai mura. Muna tsaye muna kallo cikin ya fara lotsawa a ƙarƙashin jakin.

"Saki! Saki tsirkiyar! Ina sandar ciki?"

"Wace sanda?"

"Ya zol, sandar da ke tsaye tsakanin gaba da baya! Ita ke ɗauke da nauyin duka, ita ke kai sauti baya!"

Muka zube tarkacen warsha gaba ɗaya a ƙasa, dattawa biyu a durƙushe, muna tonon ƙaiƙayin katako. Sai bayan awa biyu muka same ta. Da ya ga kan ƙusoshin a gindin wuya, ya je ya sha ruwa ya dawo, sannan ya tambaye ni ko ubana ma da ƙusa ake gyara shi.

Kwana huɗu na yi ina kankare farin gam da wuƙa, don shi ba ya saki, sai dai ya tafi da naman katako. Na zare ƙusoshin, na toshe ramukansu da katako. Na fiƙe sabon jaki, don wancan sai da na fasa shi kafin ya rabu da cikin. Sannan na durƙusa na jawo gwangwanin Mu'allim Abakar. Maƙwabta suka aiko a tambaya ko wani abu ya mutu a warsha.

Tsayar da 'yar sandar nan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Ba a manne ta. Ta ramin gefe ake shigar da ita, a tsayar da ita daidai bayan ƙafar jaki, matsin katako kaɗai ke riƙe ta. Na lanƙwasa tsinken gasa nama na ƙarfe, na soke ta da shi, na ɗauko madubin kwallin Maryamu ina leƙawa. In ta faɗi, sai mun ɗaga abin nan gaba ɗaya sama da kawunanmu, mu girgiza har ta fito. Kwana biyu muna wannan rawa. Tsirkiya ɗaya kuma ta tsinke, dole na je na kwance igiyar shanya, Maryamu ta biyo ni har bakin lungu da jiƙaƙƙen zane a hannu tana tambaya a ina zan shanya mata shi, a kaina?

A cikin kwanakin nan Siddiƙu ya koya mini darajar abin da na yanka. Ya ce irin waɗannan ba don manyan makaɗa aka yi su ba, don 'yan makaranta aka yi su, shi ya sa aka yi su da ablakash mai jure duka. Masu tsada da katako guda ake sassaƙa su, muryarsu ta fi zaƙi, amma lallaɓa su ake yi kamar jinjiri. Na ga gaskiyar wannan daga baya. Wani likita ya kawo mini nasa da ya sayo daga Turai, bazara ɗaya ya yi a Madina, tsakanin zafin waje da sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, cikin ya tsage tun daga sama har ƙasa. Ya tsaya a kaina yana ce mini in yi a hankali, kamar ni na tsaga shi. Tsohon na makaranta kuwa ya sha ɗanyen iskan teku a Yanbu, ya sha bushewar Madina, yara sun hau shi, sun kayar da shi, duk abin da zai motsa a jikinsa ya riga ya motsa ya zauna. Muryarsa gajeriya ce mai kauri, in da yatsa ake ja, ta fi dacewa da kiɗan taro. Mai koyo ba ya tsoron ya ƙarje shi. Ana jefa shi a bayan mota a je Yanbu a dawo.

Yanzu da kiɗa ya daina zama abin ɓoyewa, samari suna sayo sababbi masu ƙyalli ta waya, masu arha, katakon ɗanye, su kawo mini su bayan wata shida katakon ya buɗe baki. Kullum abin da nake gaya musu ɗaya ne. In ka samu tsohon na makaranta, kada ka dubi ƙarzanen jiki, ba a jin ƙarzane da kunne. Ka dubi gindin wuya ko an taɓa buga masa ƙusa. Ka bi gefe da yatsa ka ji ko ablakash ya fara ɓarewa. Ka dubi cikin ta gefe ko ya lotsa. In waɗannan uku lafiya, saura jaki da tsirkiya da 'yar sanda, duk ana sakewa. Irinsa zai koyar da kai, ya koyar da ɗanka.

To, ranar Alhamis muka gama, saura kai shi Badar. A wancan zamanin ba a yawo da kayan kiɗa a titin Madina, balle wanda ya fi mutum tsawo. Ni na kawo dabarar. Muka naɗe shi da tsohuwar katifar soso don kada ya bugu, muka lulluɓe da haramin aikin hajji guda biyu, farare tas, muka ɗaure sama da tsakiya da ƙasa. Na rufa masa wani koren bargo saboda rana. Muka kwantar da shi a kan tsohon ƙyauren ƙofa don ya yi daɗin ɗauka. Wallahi har muka ɗaga, Siddiƙu a gaba ni a baya, ban ga abin da muka haɗa ba.

Wanet ɗina yana bakin titi, sai an wuce masallacin unguwa. Mun yi sallar la'asar mun fito da wuri, mun ba da lokaci mutane su watse. Ashe ranar liman ya tsaya karatu bayan salla. Muna fitowa daga lungu, jama'a na fitowa daga masallaci.

Kun san halin mutanen garin nan. Ba wanda zai ga makara ta wuce ya tsaya kallo. Kowa sai ya sa kafaɗa, ya yi taku kaɗan, ya ba na baya wuri, don neman lada. Kafin in buɗe baki wani ya ce, "La'ilaha illallah," ya shiga gabana. Wani ya karɓi ɓangaren Siddiƙu. Cikin ƙiftawar ido mu biyu muka koma baya muna bin kayanmu, mutane na riƙe hannunmu suna mana ta'aziyya.

Ammu Hamza, da ciwon bayansa da sandarsa, ya kutsa ya sa kafaɗa, ya yi takunsa, sannan ya dawo kusa da ni yana haki.

"Ya Usmanu, rasuwa a wurinka ba ka gaya wa maƙwabta ba? Haka muka yi da kai?"

A nan ya kamata in yi magana. Kalma huɗu ta isa. Amma na dubi jama'ar nan, na dubi liman, na ja gefen rawanina na rufe fuska. Ammu Hamza ya dafa ni.

"Yi haƙuri, ɗana, yi haƙuri. Dogon mutum ne, masha Allahu, amma ba nauyi. Ya daɗe yana jinya?"

Na gyaɗa kai. Ina neman gafarar Allah a kan wannan gyaɗa kan har yau.

Muka wuce wanet ɗina ina kallonsa. Wani maƙwabci ya riga ya kawo babbar motarsa ya buɗe baya, ya ce a yi sauri a kai Harami a samu sallar magariba. Siddiƙu ya matso ya raɗa mini, "Ka yi magana, kai ɗan ƙasa ne!" Na raɗa masa, "Bari mu ga." Ban san me nake jira mu gani ba.

Wajen turawa cikin mota ƙyauren ya karkace. Wani bawan Allah ya kai hannu ya cafki tsakiya don kada ya zame, yatsunsa suka kama babbar tsirkiya ta cikin mayafi, ya saki.

Buuum.

Wani nishi mai zurfi ya fito daga cikin likkafanin, irin wanda ake ji a ƙirji. Kowa ya daskare. Mutum biyu suka saki suka ja da baya. Sai wani mai shagon magani, ɗan Chadi, ya ƙwala ihu, "Allahu akbar, da ransa! Ku ba shi iska! A kawo ruwa!" Ya faɗa kansa yana kwance ƙullin sama da haƙori, ya yaye harami, ya yaye soso. Nannaɗaɗɗen kan katako ya leƙo, da kunnuwansa huɗu na ƙarfe.

Ban taɓa jin titin Madina ya yi shiru irin na ranar ba. Wanda ya kawo ruwa yana tsaye da kofi a hannu.

Liman ya matso, ya duba, ya ce, "Wannan na wane ne?"

Ga babban laifina, wanda ya fi yankan biyar ɗin nan. Ni ɗan ƙasa ne, iyakar abin da zai same ni faɗa da kunya. Siddiƙu baƙo ne mai takardar zama, ƙaramar magana tana iya zame masa babba. Duk da haka na miƙa yatsa na ce, "Nasa ne. Wallahi nasa ne, ni taya shi ɗauka kawai na yi."

Siddiƙu ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya juya ya ce, "Na'am, ya shehi. Abin kiɗa ne. Badar za mu kai shi. Ba mu yi nufin wasa da kowa ba, tsoro ne ya sa muka rufe shi."

Liman dattijo ne mai sanyin hali. Na ga gemunsa yana rawa, ya sa hannu ya riƙe shi. Ya ce wa jama'a duk wanda ya sa kafaɗa da niyyar alheri, Allah ya ga niyyarsa. Ya ce mana mu kuma mu bi mutane ɗaya bayan ɗaya mu nemi afuwa, kuma nan gaba in za mu ɗauke shi, mu ɗauke shi a tsaye. Aka fara dariya daga baya, ta biyo layi har gaba. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Ammu Hamza ya nuna Siddiƙu da sanda.

"Kai, Mai Kiɗan Iska. Na ɗauki abin nan a kafaɗata da bayana mai ciwo. Na yi masa addu'a. Har hawaye na yi masa. Gobe ka kawo shi gona. In bai yi kiɗa ba, na rantse zan haƙa rami in binne shi da gaske, kai ma ka yi hankali da bakin ramin."

Washegari bayan sallar Juma'a muka ci shinkafa da nama a inuwar dabino, mu wajen ashirin. Aka kawo shayi. Ammu Hamza ya tashi da kansa ya ɗauko shebur ya ajiye kusa da ƙafarsa. Siddiƙu ya tsayar da abin, ya rungume shi, ya fara.

Bai yi daɗi ba. Yatsun da suka shekara ashirin suna riƙe sitiyari sun manta hanya. Ya ja nan ya kuskure, ya ja can ta yi ƙara. Wani ya ce, "Na iska ya fi daɗi." Ammu Hamza ya tofa yawu a tafin hannu ya kama ƙotar shebur. Siddiƙu ya tsaya, ya share gumi, ya murɗa kunne ɗaya kaɗan, ya rufe ido. Ya fara wani kiɗa a hankali, irin na mutanen bakin teku, taku uku da ɗan jinkiri. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, sai hannun hagu ya fara tafiya da kansa. Kofunan shayi suka riƙa rawa a kan faranti. Wasu 'yan Sudan biyu da ke cikinmu suka fara tafi, ɗaya ya miƙe ya ɗaga hannu yana kaɗa yatsu a kan Siddiƙu. Bai tsaya ba sai da yatsunsa biyu suka yi bororo suka fashe.

Ammu Hamza ya tura shebur gefe da ƙafa. Ya ce, "Ya Siddiƙu, shekara goma sha takwas ina ce maka maƙaryaci. Ka yafe mini."

Siddiƙu ya ce, "Na yafe, ammu. Amma ka maimaita da Larabci, akwai waɗanda ba su ji ba."

Ya maimaita da Larabci.

Ni kuwa ina zaune ina lissafin wani abu dabam. Yanzu na ji da kunnena abin da nake da shi. Da aka fara naɗe tabarmi na tashi na rungumi kayana zan kai wanet.

"Ina za ka kai mini shi?" in ji Siddiƙu.

"Warsha mana. Ai ka kaɗa."

"Ammu Hamza, jiya a gaban masallaci, mutumin nan ya ce na wane ne?"

"Naka. Har da wallahi. Mu arba'in muka ji, da liman."

Siddiƙu ya ce, "To, ya Usmanu, zaɓi ɗaya. Ko ka yi rantsuwar ƙarya a gaban Musulmi arba'in, ko nawa ne."

Na tsaya rungume da shi, kowa na kallona. Na ce, "Naka ne." Na ƙara da neman ya yafe mini yatsan da na nuna shi da shi. Ya ce wannan sai ya yi tunani, amma in na yi masa akwatin da zai kai shi Sudan lafiya, tunanin zai yi sauri.

Kwana biyar na yi a kan akwatin nan, kuma ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba. Katako mai kauri, soso a ciki, matashi a ƙarƙashin wuya, maɗauki biyu a kowane gefe. Da na gama na ja da baya na dube shi: dogo, mai faɗi a kafaɗa, siriri wajen kai, ga wurin kamawar mutum huɗu. Kuma ta tashar jirgin ruwa ta Jidda zai bi, inda Musulmi suka fi na unguwarmu yawa. Na ɗauko jan fenti, na rubuta a duk gefe huɗu da murfi, da Larabci da Hausa, da manyan baƙaƙe: BA GAWA BA CE.